Daɓen da Muka Yi wa Rekiya

Tun ranar da na kama ta tana tone kwandon sharata na san akwai magana. Mace da aikinta na gwamnati, da motarta ko da tsohuwa ce, ta durƙusa a ƙofar shagona da sassafe tana zaɓen ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya. Na fito da almakashi a hannu na ce, "Madam, lafiya dai ko?" Ko kunya ba ta ji ba. Ta ɗaga wani gutsuren shadda ta ce, "Maman Fortune, don Allah in kin sake yanka irin wannan shuɗin, ki ajiye mini ragowar."

Sunana Mabel, amma duk Karu, unguwarmu a nan Abuja, da Maman Fortune aka san ni. Shekara goma sha tara ke nan ina taka keken ɗinki a shagon da ke gaban gidan hayarmu, kuma ina da hali ɗaya da ba na musu a kansa: in na ga abu ban gane kansa ba, ko tuwo ba ya wuce mini a wuya. Maigidana yana kiran abin gulma. Ni na ce neman sani ne, kuma tunda ba a kansa nake yi ba, sai ya sa mini ido.

Rekiya sabuwar 'yar haya ce a lokacin, ita ta kama ɗaki biyu na ƙarshe kusa da tankin ruwa. Ba miji, ba yara, ba baƙi. Da safe ta tafi ofis fes da ita, da yamma ta dawo ta buɗe but ɗin motarta ta fito da buhu. Yau fasasshiyar ƙwarya, gobe guntun zana, jibi karan dawa da tsohon faifai. Wata rana har da jar ƙasa cike da bokiti biyu. Janet, maƙwabciyata mai sayar da abinci, ta rantse tsafi ne. Na ce mata, "Ke dai rufe bakinki, ni zan je in gano mana." Na cika leda da ƙyallaye, na je na buga ƙofa da sunan kai saƙo.

Yesu! Ina shiga na manta da abin da ya kawo ni.

Ƙauye guda matar nan ta jera a bango. Ga rumbu an ɗora shi da yumɓu na gaske a jikin katako, da jinkarsa ta ciyawa, sararin sama kuma ƙyallayen shagona ne aka liƙa, shuɗi kan shuɗi. Ga mata a bakin rijiya, gugansu robar taya, igiyarsu rama. Ga garken awaki da aka yi da ɓawon gyaɗa da fenti. Ni da na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna ina budurwa, na ɗauka na gama da wannan rayuwa, sai ga ni ina shafa zana da yatsa, idona ya kawo ruwa. Na tambaye ta a wace makaranta ta koyi wannan aiki. Ta yi dariya ta ce ita kimiyyar siyasa ta karanta, wannan kuwa a waya ta riƙa kallo, sauran ɓarna ce ta koya mata. Ta ce an ba ta wuri a wani gidan baje kolin zane a Wuse, saura sati shida.

Sai idona ya kai kan wasu alluna a lungu, an juya fuskarsu ga bango. Ni kuwa hannuna ba ya zama. Na juyo ɗaya. Jar ƙasa ce aka shafa, ta tsattsage, wani wurin ma ta ɓamɓare. Na juyo na biyu, shi kuma baƙi ƙirin, yana maiƙo. Guda tara na ƙirga.

"Wannan fa? Gona ce fari ya kama?"

Ta daina dariya. "Ɗakin Inna ne," ta ce. "Ƙasan ɗakin."

Ta zauna a bakin kujera ta ba ni labari. A wani ɗan ƙauye can ƙasar Zazzau aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara huɗu. Da ta kai bakwai babanta ya sami aiki, ya ɗauke ta zuwa Kaduna, daga can Abuja, kuma ba su sake komawa ba. Shi ma ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma mutum ne da ba ya zancen mamaci. Hoton uwar ko ɗaya babu.

"Abu ɗaya nake tunawa," ta ce. "Ina kwance a ƙasa. Ƙasar ja ce mai duhu, tana sheƙi, da sanyi, da wani ƙamshi mai ɗan tsami. Inna tana zaune kusa da ni, na san tana nan, amma fuskar ba ta zuwa. Shi ke nan abin da nake da shi nata a duniya, Maman Fortune. Na ce in na haɗa ƙasar nan daidai, da launinta da ƙamshinta, wataƙila sauran ya biyo baya."

Tausayinta ya kama ni sosai. Amma da na tambayi abin da ta zuba a allunan, ta fara lissafo mini siminti, da jan fenti, da gam ɗin kafinta, da garin kofi, da man goge takalmi, Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini har sai da na dafa bango.

"Ƙanwata, man takalmi? Daɓe ne fa kike nema! Ba a shafa daɓe, dukansa ake yi. Ba a tsaye ake yinsa ba kuma, wa ya taɓa ganin ƙasan ɗaki a jingine? Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Ta zaro ido, ta jawo biro da takarda. Na ce ta ajiye biron nan ta saurara. Ana shimfiɗa burji ne, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa ta kwana ta jiƙu. Da safe mata su taru, kowacce da madaɓinta na itace, su yi ta duka har tsakuwa ta nutse, ƙasa ta haɗe. Launin da ƙamshin da take nema kuwa makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa. Ina 'yar shekara goma sha biyu na fara riƙe madaɓi, kuma rabona da shi ya fi shekara talatin, amma ina faɗa mata ina jin kafaɗata tana tunawa.

"Za ki yi mini?" ta ce.

Na so in ja aji, in ce ɗinkin mutane ya yi mini yawa. Ƙarya nake. Ni kaina so nake in ga ko da gaske ƙasa za ta iya dawo wa mutum da fuskar uwarsa.

Neman kayan ma wani abin kallo ne. Kafintan layinmu ya haɗa mana akwati marar murfi, tsawon taku shida, faɗin taku huɗu, zurfinsa kamu ɗaya, ya ɗaure ƙasansa da ƙarfe. Da na zana masa madaɓi a takarda, ya jujjuya ta ya ce, "Mama, muciya ce ko ludayi?" Na ce yaran Abuja dai sai addu'a. Sai da na tsaya a kansa ya sassaƙa guda shida, masu lanƙwasa, masu faɗin ciki.

Makuba kuwa duk kasuwar Karu ba wanda ya san inda take. Wani ma garin kuka ya miƙo mana. Ranar Asabar muka shiga motar Rekiya muka nufi ƙauyen Sheda, inda wata 'yar cocinmu take noma tana kuma yin daddawa. Watan Afrilu ne, ɗorawa ta nuna, ɓawon yana nan tsibi a bayan gidanta awaki suna hawa. Matar ta yi ta mamakin yadda mutum zai ƙona mai tun daga Karu don ya kwashi shara. Na daka kaɗan a turminta na zuba ruwa, na miƙa wa Rekiya ƙwaryar. Ta sunkuya ta shaƙa. Ta sake shaƙa.

"Shi ne?" na ce.

Ta gyaɗa kai. Duk hanyar dawowa ba ta kunna rediyo ba, ni ma na kama bakina, abin da ba kasafai nake yi ba.

Asabar ta gaba muka yi daɓe a tsakar gida. Janet da ke cewa tsafi ne ita ta fara ɗaure ɗankwali a ƙugu, wai a garinsu a Filato ita ce gwanar daɓe. Sauran matan gidan suka fito, har da wata tsohuwa Bagwariya daga gidan da ke bayanmu, wadda ta ji sautin duka ta zo ba wanda ya kira ta, ta karɓe madaɓi daga hannun wata yarinya ta ce ba haka ake riƙewa ba. Muka durƙusa a jere. Da farko kowa dukansa daban, ta-ta-ta ba kan gado. Sai tsohuwar ta ɗauko waƙa da yarensu, ba mu san abin da take cewa ba amma hannuwanmu suka gane, madaɓi shida suka koma faɗuwa tare. Janet ta kawo tata, ni ma na tono wata da kakata take yi. Maigidana ya leƙo ya ce mun hana unguwa sakat. Na ce ya zo ya karɓi madaɓi ko ya koma ciki, ya koma ciki.

Rekiya ta yi duka ita ma, duk da dai nata dukan na 'yan ofis ne, minti goma tafin hannunta ya yi bororo. Na ce ta koma yayyafa makuba da tsintsiya. Kafin azahar tsakuwa ta ɓace, ƙasa ta haɗe ta yi sumul. Kwana biyar muna ƙara mata makuba safe da yamma, ina gogewa da dutse mai santsi. A rana ta shida daɓen ya yi ja mai duhu, yana ɗaukar ido, ba tsaga ko ɗaya. Maza shida suka kinkime shi zuwa ɗakinta suna nishi suna tambayar ko zinariya ce a ciki.

Daga nan ta rufe ƙofa. Sati biyu ba na ganinta sai fita da dawowa. Ta zo sau ɗaya ta nemi jan mayafi mai nauyi, sau ɗaya kuma na ga ta shigo da kwali yana ƙara kamar kwanuka. Na tambaye ta, "Fuskar ta zo?" Ta ce, "Tukuna. Amma wasu abubuwa suna ta dawowa." Ni kuwa neman sani ya kusa kashe ni, har ɗinkin hannun riga na juya sau biyu.

Ranar Lahadi bayan mun taso coci ta kira ni da Janet mu zo mu gani.

Gaskiya aiki ya yi kyau. Daɓen yana shimfiɗe a tsakiyar ɗaki, ƙamshin makuba ya cika ko'ina. A gefe ɗaya ta tayar da allo a matsayin bango, ta jera tasoshi da kwanuka sababbi fil, bakwai bakwai, suna walƙiya. Ga sabuwar tabarma a naɗe. A bakin daɓen kuma ta gina ƙafafun mace da yumɓu, a miƙe, daga gwiwa zuwa ƙasa, an rina su da lalle har idon sawu, baƙi wuluk. Daga sama jan mayafin nan ya sauko ya rufe inda kai da kafaɗa za su kasance, har ya taɓa gwiwa. A wata 'yar takarda ta rubuta sunan aikin: Ɗakin Inna.

"Haka nake ganinta," ta ce. "Kullum mayafin a sauke. Na ɗauka mantuwa ce take rufe mini fuskar, amma da na ji ƙamshin nan na tabbata mayafi ne na gaske."

Na dubi daɓe, na dubi jere, na dubi lalle, na dubi mayafi. Da ina da hankali da na yi shiru na koma shago na yi tunani. Amma bakina ya riga ni.

"To wace amarya ce wannan?"

Janet ta taka mini ƙafa. Rekiya ta juyo. "Amarya kuma?"

Tunda na riga na fara, sai na ƙarasa. Na ce mata ƙamshin makuba ba ya wuce 'yan makonni a ɗaki, daga nan hayaƙi da man gyaɗa su cinye shi. Na ce kwanon da aka yi shekara biyar ana amfani da shi ba ya walƙiya haka. Ta ce ai ana sabunta daɓe, ana kuma yin lalle da salla. Na ce ana yi, amma wace uwa ce za ta zauna a ɗakinta ita da 'yarta ta rufe fuska da mayafi har gwiwa? Amarya ce kawai take wannan zaman, a kwanakinta na farko, in mutane suna shigowa ganin ɗaki.

"Ƙanwata," na ce, "ba yadda za a yi ki ga ɗakin amarcin uwarki yana sabo. Ba a haife ki ba a lokacin."

Wallahi da ana mayar da magana ciki da na haɗiye ta. Rekiya ta tsaya tana kallon ƙafafun nan da ta yi sati biyu tana ginawa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Na gode. Ku ja mini ƙofar." A waje Janet ta wanke ni tas, ta ce abu ɗaya yarinya take da shi na uwarta, na sa baki na ƙwace. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Kwana huɗu Rekiya tana wuce shagona ba ta ko waiwaya. Na dafa mata faten acca na aika, kwanon ya dawo a wanke, ba saƙo. Na ji haushin kaina, na ji haushinta, na huce a kan maigidana.

A rana ta biyar da yamma ta shigo shago da kayan ofis a jikinta, ta ture ƙyallaye ta zauna a benci.

"Na kira gwaggona," ta ce. "Gaskiyarki ne. Wata biyar bayan rasuwar Inna, Baba ya yi aure. Aka sake daɓen ɗakin aka kawo amarya. Laraba sunanta. Shekara biyu da wani abu suka yi, da zai tafi Kaduna ya sake ta, wai ba za ta iya zaman birni ba. Ni ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Na ce, "Tana raye?"

"Tana nan Abuja, a Karmo, wurin 'yarta ta wani auren. Daddawa take sayarwa." Ta murza zoben hannunta. "Maman Fortune, na ma taɓa ganinta. Ranar ukun Baba wata tsohuwa ta zo ta zauna a bakin ƙofa wurin takalma, ta ƙi shigowa. Ta yi ta kallona, ta ce, 'Kin girma.' Na ɗauka mai neman sadaka ce. Na sa aka ƙulla mata shinkafa a leda."

Na ajiye almakashi na ce ta tashi mu tafi. Ta ce yamma ta yi, ga cunkoso. Na ce to gobe da sassafe, kuma in ta sake ta tafi ba ni, ni da ita har abada.

Karmo ba wurin shiga da mota ba ne. Muka ajiye ta a bakin titi muka bi lungu muna tsallake kwata, muna tambayar gidan Iya Laraba mai daddawa. Muka same ta a ƙofar wani ɗakin langa-langa tana mulmula daddawa a faranti, 'yar ƙaramar tsohuwa, yana ta fara rufe mata ido ɗaya. Rekiya ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta goge hannu a zane ta ce, "Rakiya ce? Ikon Allah. Wa ya rasu kuma?" Rekiya ta ce ba wanda ya rasu, wani abu take so ta zo ta gani. Tsohuwar ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta shiga ta sako mayafinta mai kyau, ta ƙulla daddawa a leda, wai ba a zuwa gidan mutum hannu sake.

Da muka iso Karu, Rekiya ta buɗe ɗakin ta matsa gefe. Iya Laraba ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Makuba a Abuja?"

Ta tuɓe silifas ɗinta. Kafin wani ya ce mata ai wannan aikin kallo ne ba na takawa ba, ta hau kan daɓen, ta buga shi da diddige sau biyu, ta ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta dubi jeren ta ce nata shida shida ne, ba bakwai ba, ubanta ba mai hali ba ne. Sai ta ga ƙafafun yumɓun da mayafin. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta zauna a ƙasa kusa da su a hankali, ta miƙe nata ƙafafun, busassu, duk faso.

"Ashe kina tunawa," ta ce.

Rekiya ta durƙusa a bakin daɓen. "Na ɗauka Inna ce."

"A'a, ni ce. Ranar da aka kawo ni na tarar da ke a ɗakin. Aka yi aka yi ki fita, kika ƙi, wai ɗakin innarki ne. Dangina suka ce a ɗauke ki, na ce a bar ki, ai kin riga ni. Kin ƙi gado, kin ƙi tabarma. In na kai hannu ki yi ihu. Sai na riƙa saukowa ƙasa ina zama kusa da ke har ki yi barci."

Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na san abin da Rekiya za ta tambaya.

"Iya, Inna fa? Yaya kamanninta?"

Tsohuwar ta girgiza kai. "Wallahi ban taɓa ganinta ba, 'yar nan. Ni daga wani gari aka kawo ni."

"Ba a ce ina kama da ita ba?"

"Cewa aka yi ubanki kika ɗauko, har tafiya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Nan ne Rekiya ta yi kukan. Ta haɗa kai da gwiwa ta yi shi sosai, irin na wanda aka yi wa rasuwa yau. Ni ma na sa gefen zanena a ido. Iya Laraba ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta kuma taɓa ta ba. Ta ɗaga hannu kamar za ta dafa ta, sai ta mayar da shi kan cinyarta, ta zauna tana jira.

Da kukan ya lafa, Rekiya ta share fuska ta dubi 'yar takardar da ta rubuta sunan aikin. Ta ɗauke ta, ta riƙe a hannu.

"Iya, me nake kiranki a lokacin?"

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Ba kya kirana komai. Aka ce ki ce Inna, kika ƙi. Aka ce ki ce Iya, kika ƙi. Shekara biyu ban ji sunana a bakinki ba. In kina son ruwa, ko kin ji tsoro, sai dai ki zo ki ja mini bakin zane. Ranar da za ku tafi Kaduna ma haka kika yi, sai da babanki ya ɓamɓare yatsunki."

Ta yunƙura za ta tashi, tana cewa rana ta yi, ta bar daddawa a waje kada kaji su ɓata mata. Na matsa zan miƙo mata silifas. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta yi taku ɗaya zuwa ƙofa, sai ta tsaya cak ta dubi ƙasa.

Rekiya tana durƙushe inda take, ba ta ɗago kai ba. Hannunta yana riƙe da bakin zanen tsohuwar.